Idon da Jazuli Ya Kafa a Burtali

An ɗauke wuta tun kafin a kira isha'i, shi ya sa muka taru kan tabarma ɗaya a tsakar gidan kakarmu. Yaya Rumasa'u, 'yar kawunmu da ta zo hutu daga Funtuwa, ta kife fitilar wayarta a cinya. Duhu ya rufe mu.

"Ku matso," ta ce. "Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce min ta zo mu ji ta. Mutumin yana nan da ransa. Na san matarsa, ita take ɗinka min kaya."

Muka matsa. Ta rage murya.

Sunansa Jazuli. Direban tanka ne, yana ɗauko mai daga kudu. In ya tafi sai a yi makonni ba a gan shi ba. Ya yi gini a wata sabuwar unguwa can bayan gari, inda kango ya fi gida yawa. A da wurin daji ne. Akwai tsohon burtali, hanyar shanu, da ya gangaro daga tudu ya nufi rafi. Masu yanka filaye sun cinye rabinsa. Abin da ya rage kuwa ta gaban ƙofar Jazuli ya bi.

Matarsa Barira. Mace ce mai kawaici, ba ta shiga gidan kowa, kullum tana kan keken ɗinkinta. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa faɗar sunanta da bakinsa ba. Takwara yake ce mata.

Suna zaune lafiya. Sai wata rana a Lakwaja, direbobi suna shan shayi, wani a cikinsu ya ce, "Direba ai baƙo ne a gidansa. Wa ya san mai shan inuwarka in ka juya baya?" Aka yi dariya. Jazuli ma ya yi. Amma maganar ta maƙale masa kamar ƙayar kifi.

Da ya dawo daga wannan tafiyar, sai ga shi da wani ɗan kwali.

Barira ta ce, "Wannan kuma mene ne?"

"Ƙararrawar ƙofa ce, mai kyamara. Duk wanda ya tsaya a ƙofar nan zan gan shi a wayata, ko ina Fatakwal. Har magana zan iya yi masa."

"Ɓarayi ake tsoro?"

"Ɓarayi mana."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "To, Allah Ya tsare."

Bai kira kowa ya kafa masa ba. Da kansa ya yi. Ya sa ta a caji har ta cika. Ya auna bango daidai ƙirjinsa, ya yi alama da gawayi, ya aro injin huda bango ya huda, ya ɗaure farantin bayanta da notuna, ya maƙala ta. Abu ne ɗan siriri, baƙi, da maɓalli a ƙasa da ido guda a sama. Ya jona ɗaya ɓangaren, mai yin ƙara a cikin gida, a falo. Ya sauke manhajarta a waya, ya haɗa ta da ɗan akwatin intanet da ya saya. Fitilarta ta yi ta ƙiftawa shuɗi, shuɗi, can ta koma kore.

Sai ga ƙofar gidansa a cikin wayarsa, tar.

Manhajar ta tambaye shi iya inda yake so idon ya riƙa lura: bakin ƙofa kawai, ko har can gaba. Ya sa yatsa ya ja layin har ƙarshe. Burtalin gaba ɗaya ya shigo ciki, tun daga gangaren tudu har kwanar rafi.

Barira na tsaye a soro. Ta ce, "Ni ba za a sa min a tawa ba?"

"Wayarki ba za ta ɗauka ba."

Ƙarya yake yi. Ita ma ta san ƙarya yake yi.

Yana cikin gwaji, rana ta yi ja, wayar ta yi ƙugi. Wai an ga motsi. Ya ɗaga kai. Ba kowa a burtali, sai tumakin maƙwabta suna dawowa. Suna isowa daidai ƙofar, suka tsaya cak. Sannan suka rabu biyu, rabi dama rabi hagu, kamar masu kauce wa wani a tsaye.

Jazuli ya ce, "Iska ce."

Yaya Rumasa'u ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Bai san gaskiya ya faɗa ba," ta ce.

Washegari ya kama hanya. Bai yi nisa sosai ba magariba ta kawo kai, wayar ta yi ƙugi a aljihunsa. Ya gangara gefen titi ya duba.

Mutum ne a ƙofar gidansa. Dogo. Riga mai shuni har ƙasa. Malafa ta rufe masa fuska. Ya ɗaga hannu a hankali ya danna maɓallin. Ya tsaya. Ya jira. Sannan ya matsa ta gefen ƙofar, inda idon ba ya kaiwa.

Jazuli ya kira gida.

"Takwara, wa ya zo?"

"Ba kowa. Ƙararrawar ta yi ƙara, na leƙa ta kafar ƙofa, ban ga kowa ba. Ko yara ne."

"Yara?"

"To, in ba yara ba wa?"

Ya kashe wayar.

Kashegari ma haka. Ranar da ta biyo ma haka. Kullum da almuru, lokacin da ba a gane fuskar mutum sai an matso. Riga mai shuni. Malafa. Ya danna, ya jira, ya matsa gefe. Jazuli ya daina cin abinci sosai. Ya kasa nuna wa kowa, don kada direbobi su samu na dariya. Shi kaɗai yake zama a kan mota yana maimaita hoton, yana faɗaɗa shi da yatsu, ko zai ga fuska. Malafar ba ta taɓa ɗagawa ba.

Ya yanko hoton ya tura wa Barira. "To, ga yaran naki."

Ta kira shi. "Na duba. Ƙofa ce da burtali. Ba kowa a ciki."

"Ba kowa?"

"Wallahi ba kowa."

"Har da rantsuwa?"

Ya ji ƙarar kekenta ta tsaya.

Wata ranar ya kasa daurewa. Mutumin na danna maɓalli, Jazuli ya taɓa alamar magana, muryarsa ta fita ta jikin ƙararrawar. "Kai! Wane ne kai? Uban me kake nema a gidan mutane? Marar kunya, marar mutunci!" Ya zazzaga masa zagi irin na tasha, bai rage komai ba.

Mutumin bai gudu ba. Bai ko razana ba. Sai ya sunkuyo, ya kawo kunnensa dab da ƙararrawar. Yana saurare. A ƙarƙashin malafar Jazuli ya hango leɓɓansa suna motsi, kamar mai ɗanɗana miya.

Sai sabis ya ɗauke.

Ƙanwata Hajjo ta riƙe hannuna. Yaya Rumasa'u ta ƙara rage murya, har sai da muka karkata kunne.

Kashegari da almuru Barira ta gama alwala, tana gyara ɗankwali. Sai ta ji muryar mijinta a waje.

"Barira."

Ta ɗauka ta jikin ƙararrawar yake magana. Ta nufi soro.

"Barira. Fito ki cire wannan abin."

Muryarsa ce. Har ɗan kaushin nan da yake da shi in ya gaji. Hannunta ya kai kan sakata. Sai ta tsaya. Gashin jikinta ya miƙe. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan, Jazuli bai taɓa kiran sunan nan ba.

Ta janye hannunta. Ta ja da baya, tana karanta Ayatul Kursiyyu. Muryar ta sake kira, a tausashe, ba fushi. Sannan shiru.

Ta kira Jazuli ta faɗa masa. Shi kuwa yana can a layin lodin mai, yana kallon wayarsa. Ya ga mutumin ya manna baki a jikin ƙofa yana raɗa. A ganinsa hira suke yi.

Ya ce, "Yanzu kuma aljanu kika koma ƙirƙirowa?"

Da ta buɗe baki muryarta ba ta rawa.

"Ashe ba don ɓarayi ka kafa ta ba. Don ni ka kafa ta."

"Ni dai abin da idona ya gani..."

"In Allah Ya dawo da kai lafiya, ka mai da ni gidanmu."

Ta kashe.

Bai gaya mata ranar dawowarsa ba. Ya shigo gari da la'asar, ya ajiye tanka a gareji, ya zaro ƙarfen kwance taya ya soke a cikin riga. Ya hau acaɓa, ya ce a sauke shi can kan tudu, nesa da unguwa, don kada wani ya gan shi ya kai labari. Daga nan ya biyo burtali da ƙafa. Shi kaɗai.

Damina ce, an yi ruwa da rana. Ƙasa duk ta zama laka. Kwaɗi na ta kuka a kududdufai. Rana ta faɗi, amma duhu bai gama sauka ba.

"Salamu alaikum."

Daga bayansa. Bai ji takun kowa ba.

Ya juya. Riga mai shuni. Malafa.

Zuciyarsa ta buga, amma ba tsoro ya ji ba, daɗi ya ji. Ya ce a ransa, yau dubu ta cika. Bari mu isa ƙofar, in kama su su biyu.

"Wa alaikumus salam," ya ce.

"Hanya ɗaya?" in ji mutumin.

"Da alama."

Suka jera. Mutumin bai dube shi ba.

"Ina aka nufa?" Jazuli ya tambaya.

"Rafi."

"Da magariba?"

"Lokacinmu ke nan."

"Ku da wa?"

Mutumin ya ci gaba da tafiya.

Muryar tana damun Jazuli. Ya san ta. Ya tabbata ya san ta. Ya laluba duk abokansa, duk maƙwabta, duk dangin Barira. Bai gano mai ita ba.

Sai ya lura kwaɗin sun yi shiru. Duk kududdufin da suka zo wucewa, tsit. In sun wuce ma ba sa komawa kuka.

Takalmansa sun yi nauyi da laka, yana ɗaga ƙafa da ƙyar. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafun mutumin. Ba takalmi. Busassu ne ƙayau, fari fat da ƙura, kamar wanda ya taho cikin rani. Ya waiwaya a sace. Sawun mutum ɗaya ne a cikin lakar. Nasa.



"Ka gaji ne?" in ji mutumin.

A nan ya gane muryar. Ita ce yake ji in ya saurari saƙon da ya tura wa wani a waya. Tasa ce.

Ya so ya gudu. Ƙafafunsa suka ci gaba da tafiya a jere da na mutumin, kamar ba shi ke da su ba. Ya so ya yi addu'a. Bisimilla kaɗai ta zo masa, ita ya yi ta maimaitawa a zuci.

Suka iso ƙofar gidan. Ɗan idon nan yana kallonsu. Wayar ta yi ƙugi a aljihunsa.

"Duba," mutumin ya ce.

Ya ciro ta. Ya ga kansa. Ya ga mutumin a gefensa. Sannan ya ga bayansu.

Burtalin cike yake. Tun daga ƙofar har gangaren tudu. Mata da ƙore a ka. Yara. Tsofaffi a kan jakuna. Fararen shanu masu dogayen ƙahoni. Duk a tsaye, ba mai motsi. Matan duk sun juya wa idon baya, sun ja mayafi sun rufe kai.

Ya waiwaya. Ba komai. Laka ce da duhu.

"Iyalina ne," in ji mutumin. "Tun ba a haifi kakan kakanka ba muke bin nan mu sha ruwa. Kuka yi gini, muka kauce. Kuka yanke hanya, muka matsu. Ba mu ce komai ba."

Jazuli ya sake duban wayar. Mutumin ya ci gaba.

"Sai ka kafa ido da ba ya ƙiftawa. Kana can wata ƙasa, kana kallon hanyar matan mutane. Sun ce ba za su wuce ba. Dabbobina ƙishi ya kwantar da su."

"Ban sani ba, baba. Wallahi ban sani ba."

"Kullum ina zuwa in yi sallama. Me ka ba ni?"

Jazuli ya sunkuyar da kai.

"Zagi," mutumin ya ce. "Da na so shiga gidanka, ƙofa ba ta hana ni. Na zo da muryarka ma, matar nan ba ta buɗe ba. Ita ta san ka. Kai ne ba ka san ta ba."

Ya ɗaga hannu ya nuna bangon. Yatsunsa sun fi na mutum tsawo.

"Cire."

Ba abin kwance noti a wurinsa. Ya zaro ƙarfen nan da ya taho da shi don ya fasa kan mutum, ya soka a bayan ƙararrawar ya ɓanɓara. Tana rabuwa da bango ta ɗauki jiniya, irin wadda aka sa mata saboda ɓarayi. Ƙarar ta cika unguwa. Ya cusa ta cikin laka, ya take da ƙafa, ya yi ta takewa har ta mutu.

"Fuskanci bango," in ji mutumin. "Kada ka waiwaya. Ko me ka ji."

Ya manna goshi a bango. Ya rufe ido.

Da farko sanyi ne ya bugi bayansa. Sai warin hayaƙi da nono. Sai ƙarar mundaye, can ƙasa-ƙasa. Numfashin shanu. Ba taku, ko ɗaya. Suna ta wucewa, suna ta wucewa. Wani ɗan hannu mai sanyi ya ja masa ƙafar wando. Wata mace ta yi tsawa da wani yare da bai taɓa ji ba, hannun ya saki.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Can sai ya ji numfashi a kunnensa.

"Muryar nan zan riƙe ta tukuna. Ba ka iya aiki da ita ba."

Sai kwaɗi suka ɓarke da kuka gaba ɗaya.

Ya faɗa kan ƙofa yana bugawa. Daga ciki Barira ta ce, "Wane ne?"

Ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ko tari.

"Wane ne, na ce?"

Ya ƙara bugawa da hannu biyu.

"Ko wane ne, ba na buɗewa," ta ce. Ya ji ta jawo turmi ta tokare ƙofar.

Nan ya zauna cikin laka a ƙofar gidansa, yana kuka ba sauti. Sai da aka fito daga sallar isha'i, maƙwabcinsu Malam Hashimu ya haska shi da tocila. Shi ya yi ta yi wa Barira rantsuwa cewa mijinta ne, sannan ta buɗe. Da suka zo ɗaga shi suka ga wata 'yar ƙwarya a gefen ƙafarsa, an rufe ta da faifai. Man shanu ne a ciki, sabo, har da ɗumi. Jikin ƙwaryar ko ɗigon laka babu.

Jakar Barira tana soro, ta riga ta haɗa kayanta. Ta dubi jakar, ta dubi mijin. Ta ce, "Zan yi jinyarka don Allah, ba don halinka ba."

An je asibiti, sun ce maƙogwaronsa lafiya lau. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Mutane suka ce a kai ƙwaryar nan daji a zubar. Barira ta ce wanda ya so cutar da su ai ba sai ya biyo ta ƙwarya ba. Kullum da safe sai ta yi bisimilla ta ɗebi kaɗan ta narka masa a kunu. Yana sha yana kallonta. Yana so ya ba ta haƙuri, ba baki. Ita kuma ba ta taimake shi ba. Ta bar shi da abinsa a ciki, yana cinsa.

Ranar da man ya ƙare, muryar ta dawo. Abin da ya fara furtawa neman gafararta ne.

Ta ce, "Na ji. Yanzu tunda ka warke, ka mai da ni gidanmu kamar yadda na ce."

Ya mai da ita. Sai da ya yi zarya, ya haɗa da manya, ya faɗi laifinsa da bakinsa a gaban mahaifinta, sannan ta dawo. Suna nan tare har yau. Amma muryar ba ta dawo duka ba. Yana magana lafiya, yana dariya. In ya ɗaga ta zai yi wa wani tsawa, sai ta ɗauke ɗif, kamar an hure fitila. Sai ya huce take dawowa.

Yaya Rumasa'u ta dasa aya. Ba wanda ya motsa. Can wani ƙanenmu, Sagir, ya ce cikin raɗa, "Yaya, to mutumin ya sake dawowa?"

"Wa ya ce maka ya tafi?" ta ce. "Hanyarsa ce."

Hajjo ta cusa kai a cinyata.

"Don haka ku ji da kyau. In an aike ku wajen tsohon burtali, ku je da rana, ku dawo da rana, kuma kada ɗayanku ya bi shi shi kaɗai. In magariba ta riske ku, ku ratse gefe ku ba da hanya, ko ba ku ga kowa ba. In kuma kuna cikin gida da almuru kuka ji an kira sunanku daga waje da muryar wanda kuka sani, kada ku amsa. Ku fara tambayar kanku ina mai muryar yake."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"Kowa ya yi addu'a ya tofa. Wa zai je ya rufe ƙofar soro?"

Ba wanda ya tashi.